Warƙa Sittin a Jakara

Da damina ta wuce, jikana ya kai ni Kano wajen likitan ido. Da muka gama na ce ya bi da ni ta Jakara. Ya ce, "Kaka, me za ka saya?" Na ce ba abin da zan saya, so nake in ba ido abinci tun yana iya ci. Muka ajiye mota can nesa muka taka, yana riƙe da hannuna kamar an ce masa zan gudu. Wallahi ban gane wurin ba. Inda nake zaton zauren da nake nema yake, bene ne hawa biyu, ƙasansa shagunan waya da caja, janareta na ta ɓaɓatu har ba ka jin sallamar wanda ke kusa da kai. Mun sami shagon littattafai guda, ba laifi, cike yake har rufi, kowane littafi a cikin leda yana ƙyalli. Mai shagon ya gaishe ni da ladabi, ya ce wanne nake so. Na ce so nake in zauna in duba. Ya waiga, babu ko benci, sai ya ba ni kujerarsa ya tsaya. Ɗan kirki ne, Allah ya yi masa albarka. Amma ban daɗe ba na tashi, don na ga ina tare wa masu saye hanya. Tun ranar abin yake cina, shi ya sa na ce bari in faɗi yadda na san wurin, tun da sauran wanda ya gani da idonsa.

Mu Fulani ne, amma na gida. Tun zamanin kakanni muka ajiye yawo muka zauna a wani ƙauye yamma da Kano, tafiyar kwana huɗu in kana kore da shanu. Abin da na tashi ina ji da safe shi ne ƙarar nono yana sauka a ƙwarya, da kukan maruƙan da aka ɗaure, da lugude daga gidan maƙwabta. In hantsi ya yi, an gama shara da wanke ƙore, sai muryar Inna, mahaifiyata, ta karɓa. Matan unguwa su taru a inuwar ɗakinta, ita tana kan buzu, ta kwance littafinta daga tadarishi, fatar nan mai tauri da ake naɗe warƙoƙi a ciki, ta karanta layi ɗaya da Larabci ta fassara musu. Ni kuwa karatu bai karɓe ni ba. An kai ni makarantar allo, na san baƙaƙe ɗaya-ɗaya, amma da an jera su sai su yi mini taurin kai. Shanu ne suka karɓe ni. Tun ina ɗan shekara goma, in garkenmu ya cakuɗe da na wasu a mashaya ni ake kira in ware, kuma ban taɓa kawo saniyar wani gida ba.

Littafin nan na kakana ne, mahaifin Inna, wanda kowa ke kira Modibbo. Da hannunsa ya kwafe shi. Littafi ne na hukunce-hukuncen addini, daga tsarki da salla da azumi har ciniki da gado, ya kuma cika gefensa da bayani ƙanana-ƙanana. Yaran yanzu ba za su gane ba, littattafan hannu ba a ɗinke suke ba, warƙa-warƙa ne a jere, kuma babu lamba. To, da Modibbo ya rasu, magadansa biyu ne, Inna da ƙanenta, Kawu. Dattawan da suka zo rabon gado mutanen kirki ne, sun kuma san ƙa'ida: namiji kaso biyu, mace kaso ɗaya. Haka suka raba shanu, haka suka raba gero. Da aka zo kan littafi, sai ɗayansu ya lashi yatsa ya ƙirga, warƙa casa'in. Ya ɗebi talatin na sama ya miƙa wa Inna, ya ba Kawu sittin na ƙasa, aka shafa fatiha. Ba wanda ya ƙi rabon. Inna tana cikin kukan uba, kuma ba a saba mace ta ɗaga murya gaban dattawa ba. Ta yi niyyar in an kwana biyu ta ba ƙanenta maraƙi ya bar mata sauran. Kafin a kwana biyun Kawu ya bi ayari zuwa Kano, ya dawo da sabon takobi a kafaɗa, babu warƙoƙi. Shekara goma sha shida suna gaisawa, suna zumunci, amma maganar littafi ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Kason Inna a tsakiyar babin azumi ya tsaya. In ta kai wurin sai ta rufe ta ce, "Sauran sai mu yi da ka," ta ci gaba da abin da take iya tunawa.

Shekarar da gemu ya fara tsiro mini, Kawu ya ce zai tafi da ni Kano kai shanu. A shekarar ne kuma yanar ido ta rufe wa Inna idon hagu, na dama ma ya fara hazo. Ta san abin da ke tafe, don mahaifiyarta ma da makanta ta ƙare. Ranar da za mu tashi, tana ɗaura mini guzuri, ta zaro warƙa ta talatin, ta ƙarshe a nata kason, ta sa a tsakanin fata biyu ta ɗaure, ta haɗa mini da kwalbar man shanu. Ta ce, "Ka shiga wajen masu littattafai ka nuna musu wannan. Ban ce sai ka samo ba. Amma ina so in ga hannun Baffa har ƙarshe kafin idon nan ya bi ɗan'uwansa." Baffa take kiran Modibbo. Na ce to. Inna aike take yi, ba ta roƙo, shi ya sa maganar ta zauna mini a ƙirji. A kwana na uku a hanya na yi ƙarfin hali na tambayi Kawu wa ya sayar wa. Ya daɗe yana kallon bayan shanu, sannan ya ce, "Wani mai jan gemu, a Kurmi, kusa da masu tasbaha." Ya ƙara da cewa, "Ranar Alhamis da hantsi muna Ƙofar Kabuga. Wanda bai zo ba ya san hanyar gida."

Ta Ƙofar Kabugan muka shiga. Ganuwa tana nan da tsayinta, a cikinta ma sai ka yi ta ratsa gonaki da kududdufai kafin ka ga gida. Muka sauka Ƙofar Ruwa wajen mai masaukinmu, shanu suka shiga hannun dillalai, ni kuma ranar Litinin da safe na nufi Kurmi. Kurmin wancan lokaci lunguna ne matsattsu, in jaki mai kaya ya taho sai ka manne da bango. Kafin idonka ya ga abu hancinka ya riga ya gaya maka layin da kake, nan warin jima, nan kanwa, nan turaren wuta, can kuma sautin masu bugun tufa yana tashi ba hutu. Masu littattafai suna wani lungu mai sanyi, rumfuna gajeru, sai ka sunkuya. Tabarma a shimfiɗe, littattafan hannu a ɗaɗɗaure a gefe ɗaya, bugun Masar masu rawayar takarda a ɗaya gefen, ga alluna a jingine, ga alƙaluman kara dami-dami. Yau in ka shiga shago, kafin ka gama sallama an tambaye ka me kake so. A can kuwa sai ka tuɓe takalmi ka zauna, a tambaye ka gida, da hanya, da ruwan bana a garinku, a miƙo maka ruwa a moɗa. Na ga mutum ya zo tun hantsi ya ɗauki littafi yana karantawa har azahar, ya mayar, ya yi godiya ya tafi, mai rumfa ya ce masa sai gobe. Ni da nake ƙirga kwanaki, wannan natsuwa tasu ta kusa kashe ni, amma yau ita nake kewa.

Na fara da wani dattijo mai tabarau da aka ɗaure da zare. Ya karɓi warƙar da hannu biyu, ya ɗaga ta saitin rana, ya nuna mini jinjirin wata uku da ke ɓoye a cikin takardar, abin da ban taɓa lura da shi ba. Ya ce, "Takarda mai kyau. Hannun mutanen yamma ne, malamin ƙauye, amma ba ya gaggawa." Raina ya yi fari, sai ka ce ya san kakana. Da na ambaci mai jan gemu sai ya ce, "Allah ya jiƙansa, ya kai shekara tara." Na miƙa hannu zan karɓi warƙata. Ya ce kada in karaya, kayan mamacin ba su bar birni ba, ya kwatanta mini rumfar wanda ya kwashi mafi yawa. Wancan ya tura ni wajen wani, wani ya tura ni zauren wani a bayan kasuwa. Abin da ya ba ni mamaki, ba wanda ya ce mini babu ya yi shiru. Kowa sai ya dubi warƙar, ya yi tunani, ya ambaci wani abokin sana'arsa, har da wanda na ji alamar ba sa ga maciji da juna. Wani ya ba ni goro, wani ya tsare ni sai da na ci tuwon rana da shi. Litinin ta ƙare a haka, Talata ma ta yi nisa, ƙafafuna da suka taka kwana huɗu ba su koka ba sai ga su suna ciwo a lungunan birni. A wuri na tara, wani mai haɗa sayar da littattafai da ɗinkin hula ya faɗa mini gaskiya. Ya ce, "Samari, littafin da ba shi da farko ba ya sayuwa. Irin waɗannan duk wajen Goni suke ƙarewa, a Jakara. Ka tambayi zauren marayu."

Na isa bayan la'asar. Goni tsoho ne siriri, Babarbare, da tsagensa a kumatu, yatsunsa baƙi ƙirin da tawada. Da ya ji harshena sai ya ajiye alƙalami ya ce, "A'a, yau bawana ne ya zo gaishe ni?" Barebari da Fulani wasa ne tsakaninmu, don haka na durƙusa na ce, "Ubangidanka dai, Baba, na zo duba lafiyarka." Ya yi dariya har da tari. A bayansa randuna ne manya guda uku, irin na ruwa, amma cike da takardu har baki. Su ne marayun. Takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba a yar da ita, don haka duk wanda ya tsinci guntun littafi a birni, ko gara ta ci masa rabi, ko magada suka yi watsi da shi, wajen Goni yake kawowa. Shi kuma in an zo masa da littafin da ya rasa warƙa biyu ko uku, a cikin randunan yake laluben abin cikawa. Ya dubi warƙata ya ce, "Na san hannun nan, ya shigo nan. Amma kada ka tambaye ni wace randa. Shekarar da gara ta shiga muka zazzage komai muka shanya, aka mayar yadda aka ga dama." Ya dube ni sama da ƙasa. "Ka iya karatu?" Na ce a'a. Ya ce, "To da me za ka nema?" Na ce ya dai bar ni in gwada. Ya ce, "Ikon Allah, ɗan Fulani zai yi kiwon takarda. Gobe ka zo da alwalarka."

Ranar Laraba, ana idar da sallar asuba ina ƙofar zauren. Muka shimfiɗa tabarmi biyu wajen haske, na fara ɗebowa daga randa ta farko. Gaskiya da farko na tsorata. Dubban warƙoƙi, duk baƙi a kan fari, duk iri ɗaya a idona, har na fara jin haushin kaina da na yi cika baki. Sai na yi abin da nake yi a mashaya. Ba a kallon garke gaba ɗaya, naka kake sawa a ido, sauran su wuce. Na ajiye warƙar Inna a gwiwata na ƙura mata ido har ta zauna mini. Tawadar Modibbo ba baƙa wuluk ba ce, tana da ɗan ja-ja. In ya gama magana yakan yi ɗan da'ira da jar tawada, kuma da'irar ba ta rufewa ta sama. Wuƙar da ya yanka takardar da ita ta ɗan karkata, gefe ɗaya ya fi tsawo. Babba kuma, a kusurwar ƙasa akwai tabon ruwa mai kamar kofato. Na san tabon, don duk talatin ɗin Inna suna da shi, ta ce ɗakin Modibbo ne ya taɓa yoyo yana da rai. Kafin rana ta ɗaga na ga ta farko. Ban karanta ko harafi ba, amma na san tamu ce kamar yadda nake sanin bijiminmu daga nesa.

Goni yana ta rubutunsa, wai bai damu da ni ba. Da na tara goma sai na ji ƙarar alƙalami ta tsaya. Ya jawo su, ya duba ɗaya bayan ɗaya, ya mayar. Kafin azahar labari ya zaga lungun. Masu zuwa sayen littafi suka zauna, maƙwabta suka leƙo, har mai tabarau na Kurmi ya rufe rumfa ya taho ganin Bafulatanin da bai iya karatu ba yana ware littafi. Wani malami cikinsu ya saci idona ya cusa wata warƙa mai kama da tamu a cikin tsibina. Da na zo kanta na zare na miƙa masa na ce, "Malam, taka ta shigo garkena." Zaure ya ɗauki dariya, Goni ya ce, "Ku bar mini bawana ya yi aiki." Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, kaina ya yi girma. Tun ina yaro ake ce mini mai ƙwalwar saniya saboda allo ya gagare ni, ga shi yau malaman birni sun zagaye ni suna kallo. Da haske ya gaza, wajen magariba, ina da hamsin da biyu, randa ta uku kuma ko rabi ban yi ba.

Gari ya waye Alhamis, ranar tafiya. Na ga Kawu yana ɗaure kaya, ya ga na nufi ƙofa, ya ci gaba da ɗaurinsa. Na san in na saɓa masa a tafiyata ta farko da wuya ya sake ɗaukata, kuma ban taɓa bin hanyar nan ni kaɗai ba. Amma ba zan kai wa Inna littafi mai giɓi takwas ba alhali ina ganin randar da suke ciki. Hantsi ya same ni ina kan tono. Da na cika sittin rana ta take sosai, na san ayari ya tashi. Saura jerawa, wannan kuwa aikin Goni ne. Ya nuna mini dabarar: a ƙasan kowace warƙa mai kwafi yakan rubuta kalma ɗaya ita kaɗai, ita ce kalmar da warƙa ta gaba za ta fara da ita. Da haka ya riƙa bin su, yana karanta ƙasa yana neman sama, hannunsa na tafiya kamar mai saƙa.

Tun kafin ya fara ya zare wata daga cikin tsibin ya ajiye gefe. Rubutunta manya-manya ne, layukan sun karkace, har da inda tawada ta ɗiga. Ya ce, "Wannan ba taku ba ce, nan idonka ya yaudare ka." Na sa mata ido inda ya ajiye ta. Ya yi ta jerawa har ya wuce rabi, sai ya tsaya, ya juya na hannunsa, ya sake juyawa. Giɓi ɗaya. Na ɗauko wadda ya ware na miƙa masa. Ya karanta farkonta, ya karanta ƙarshenta, ya ɓata fuska. Ya ce, "Wurinta ne, amma ba hannun kakanka ba ne. Wani ɗalibi ne ya ɓatar da ta asali ya toshe da wannan. Kuskure uku na gani a ciki, littafin shari'a ne kuma, za a karantar da mutane da shi. Ba za ta fita daga zaurena ba. Ka dawo gobe, zan rubuta maka sabuwa da hannuna, kyauta." Ya miƙa hannu baya ya saka ta a randa.

Mutanen zaure suka shiga yi mini barka. Ashe hannun Goni sai mutum ya yi watanni yana jira, da kuɗinsa ma. Girma ne ya yi mini, kuma na san girma ne. Kwana ɗaya bai dame ni ba, tunda ayari ya riga ya tafi. Tabon ne ya hana ni sakat. Na tashi, a gaban dattawa, na zura hannu cikin randar na ɗauko ta. Har yau ban san inda na samo wannan ƙarfin hali ba, mu da aka rene mu ko idon babba ba ma kallo. Dattawan suka juyo suna kallona. Na durƙusa na ce, "Baba, ka gafarce ni. Ni ban san abin da ke rubuce ba. Amma wannan a ɗakin kakana ta sha ruwa tare da 'yan'uwanta, ga shaida a kusurwa. Ya gan ta, ya bar ta. In na fita kiwo da sittin, sittin nake komowa da su, har da gurguwar." Goni ya miƙo hannu. Ya karɓa, ya haɗa ta da ta gabanta da ta bayanta, ya daidaita kusurwoyin. Tabon ya hau kan juna daidai. Sai ya ce, "Shekara arba'in ina duban tsakiyar takarda, ban taɓa tambayar gefenta ba." Ya sa farce ya yi 'yar alama wuri uku. "Ka gaya wa mahaifiyarka Goni ya ce kuskure uku, nan da nan da nan. Kada ta karantar da su haka."

Na tambayi abin da zan bayar. Ya ce mene ne a jakata da ke ta ƙamshi tun shekaranjiya. Na fito da kwalbar man shanu. Ya buɗe, ya sansana, ya ce ya isa, dama bawa ba ya zuwa gaida ubangidansa hannu sake. Ya naɗe mini warƙoƙin a wani tsohon tadarishi, ya raka ni har bakin lungu, abin da aka ce bai cika yi wa kowa ba. Na kama hanya da sassarfa, azahar ta riga ta wuce, ina ta shirya yadda zan kwana a hanya ni kaɗai. Da na iso Ƙofar Kabuga sai ga Kawu zaune a inuwar ganuwa, shi kaɗai, ya cire takalmi ɗaya, wai ƙaya ce ta soke shi ya ce sauran su yi gaba. Na duba ƙafar, ban ga ƙaya ba. Ya ce, "Ka samu?" Na ce na samu. Ya ce, "Duka?" Na ce, "Duka sittin, Kawu." Ya miƙo hannu na ba shi. Bai kwance ba, ya sa a cikin rigarsa saitin ƙirji, a nan ya riƙe shi har muka hango rimin garinmu. Sannan ya zaro ya miƙa mini ya ce, "Kai aka aika," ya karkata hanyar gidansa.

Idon Inna ya ƙara yi mata damina biyu, kuma a cikinsu ta kai matan unguwa har babin ƙarshe. Bayan nan na yi abubuwa a duniya, na tara shanu, na gina gida, na je Makka, har karatun da ya ƙi ni na koya da furfura. Amma in aka tambaye ni abin da nake alfahari da shi, yammacin da na iso gida ne. Na same ta tana tsince wake da wata maƙwabciyarmu. Ta ga abin da ke hannuna, ta tashi ta yi alwala, ta zauna bakin ƙofa wajen haske. Ta riƙa ɗaga warƙoƙin ɗaya-ɗaya kusa da idon dama, leɓɓanta na motsi. Ina tsugune ina jira ta zo kan mummunar, ina fargabar ko na yi wauta da na ƙi kyautar Goni. Da ta zo kanta sai ta tsaya.

Na yi sauri na ce, "Inna, wannan ba hannun Modibbo ba ne. Mai littattafan ya so ya canza ta, ni na ƙi. Ya ce in gaya miki akwai kuskure uku a ciki."

Ta ce, "Huɗu ne."

Na ɗago kai.

Ta ce, "Ina 'yar shekara goma. Baffa yana kwance da zazzaɓi, ya ce in rubuta masa warƙa ɗaya kada aiki ya tsaya. Da ya warke ya nuna mini su huɗun, na yi ta kuka na ce ya cire ta ya rubuta wata. Ya ce ba zai cire ba, a nan za ta zauna." Ta shafa takardar da tafin hannu. "Wa ya ce ka taho da ita?"

Na ce, "Ba kowa."

Ni ɗan fari ne, kuma a wajenmu uwa ba ta yabon ɗan fari a fuskarsa. Inna ta goge idon da gefen mayafi, ta juya wajen maƙwabciyar nan da ke riƙe da faifan wake, ta ce, "Kin gani ko? Ko ɗaya bai bari a daji ba."